Hannun Da Ya Shigo Da Makwarwa

A gidanmu tsofaffi biyu ne, ni da bindiga. Haka ƙanena Kweji yake tsokanata sa'ad da yake da rai. In ya sauko daga dutse sai ya jingine ta a ƙofar ɗakina ya ce, "Kwarumba, ga ƙawarki, ku taɓa hira. Ita dai sau ɗaya take magana a ci nama." Ni kuma in ce masa ita sai an ɗura mata take buɗe baki, tawa maganar kuwa kyauta ce, ya gode wa Allah.

Tsohuwa muke ce mata. Mai baki biyu ce, doguwa, ga nauyi. Babanmu ne ya ba da bijimi sukutum ya karɓo ta a Mokolo daga hannun wani tsohon soja, uwarmu ta daɗe tana tuƙa masa tuwo ba ta yi masa magana. Ƙotarta ta taɓa tsagewa, maƙerin garinmu ya naɗe wurin da zaren tagulla. Gefen da kunci ke kwanciya kuwa ya yi baƙi ya yi sulɓi, gumin babanmu ne da na Kweji. Ba don damisa aka saye ta ba. Makwarwa ce abincinta, sai zabin daji da kazar dutse, waɗannan da ke bin mu a baya suna tone irin dawa tun ba mu bar gona ba.

Kweji ya bar maza biyu. Deli ne babba. Shi boko ya ɗauke, daga Mokolo sai Garwa, ya sami aikin ofis, ya ajiye tumbi. Kada in ɗauki alhakinsa, yaro ne mai tuna gida. Maganin ubansa shi ne, kwanon da ke kan ɗakina shi ne, harsashi ma a kwali yake aiko shi. Teri kuwa, ƙaramin, bai je ko'ina ba. Tun bindigar ta fi shi tsawo yake bin ubansa dutse. Da ƙafar Kweji ta fara ciwo, Teri ne ya koma mai harbi, uban yana zaune a kan dutse yana ba da shawarar da ba wanda ya nema.

In sun taso daga farauta, akwai wani tsagaggen dutse kafin a shigo gari, hanya ta ratsa ta tsakiyarsa. A nan Teri ke tsayawa, ya zuba abin da aka samo cikin jakar fatar ubansa, shi ya saɓi bindiga ya biyo baya. Mu a wurinmu ƙarami ba ya shiga gari da nama babba yana tafe hannu banza. Rashin kunya ne. Ko wa ya harba, babba ke shigowa da shi. Teri ya yi wannan ya sake yi har hannunsa ya daina neman shawararsa.

Da damina Kweji ya rasu. Maƙera, da yake su ne masu binne gawa a wurinmu, suka yi aikinsu, aka kai shi. Sai da dawa ta shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sannan aka sa ranar zuba masa giya da raba kayansa. Awaki, fartanya, riguna, gona, duk wannan Kawu Sunu ne mai rabawa, autan su uwarmu, tsoho tukuf wanda haƙora suka gudu suka bar masa murya. Makami ne kawai ba a rabawa da baki. Tun zamanin kwari da baka, 'ya'yan mamaci maza kan fita da sassafe da makaminsa, kowa kibiya ɗaya. Tsuntsun da aka samo shi ake sawa a tukunyar mamaci, hannun da ya shigo da shi ta ƙofar gida kuwa shi ne mai makami. Da bindiga ta zo sai kibiya ta koma harsashi. A mutuwar babanmu ba a sha wahala ba, Kweji kaɗai ne namiji, ya fita ya dawo da zabo, magana ta ƙare.

Duk garin an san wanda zai ɗauki Tsohuwa. Teri ma ya sani. Tun jajibere ya zauna a inuwa ya goge ta ciki da waje, da sandar gorarsa mai tsumma a kai da 'yar kwalbar man da ubansa ya bari.

Yana cikin haka Deli ya iso a bayan babur, takalminsa sai ɗaukar ido yake. Abokan wasansa suka yi masa caa tun bai sauke ƙafa ba.

"Ga manya sun iso! Deli, ka taho da kujerarka? A kan dutse fa ba a ba baƙo wurin zama."

"Ku ƙyale shi. A Garwa makwarwa daga faranti take tashi."

"Gobe ka tuna, ɗan'uwa, gefen ramin ake nuna wa tsuntsu, ba gefen katakon ba!"

Ya yi dariya tare da su. Amma ni na goya yaron nan, na san dariyarsa ta gaske, wannan ba ita ba ce.

Da gari ya fara haske Kawu Sunu ya tara mu a tsakar gida, ga sanyin dutse yana cin ƙashi. Da yake Deli ne babba, ya rataya masa jakar fatar ubansa, ya kifa masa malfarsa. Da Deli ya juya baya sai na bi shi da kallo. Kafaɗun nan, wuyan nan, Kweji ne sak. Kawu ya karya bindigar ya sa harsashi biyu. Ya ce bakin dama na babba, na hagu na ƙarami. Karen Kweji, wani ja mai yankakken kunne, tuni ya fara rawa a bakin ƙofa.

Na ɗauki laujena na ce zan je yankan ciyawar rufi.

Kawu ya ce, "Ciyawa a wannan sanyin? Kwarumba, gulma dai za ki yanko."

Na ce, "In ta yi yawa zan sam maka, Kawu."

Gonata ce ta can sama. In ka zauna a kan jerin duwatsun da ke tare ƙasarta, gangaren duka yana gabanka, kuma da safe magana tana hawowa tamkar a kunnenka ake yi. Makwarwa ta riga ta fara kiran nan nata mai kama da ana goga ƙarfe a dutse. Na hango su sun shigo gonar waken da aka roro, kare a gaba, Deli riƙe da bindiga kamar an ba shi jaririn wani.

Na ji Teri yana cewa, "Yaya, kada ka neme ta a ƙasa, gudu take yi cikin ciyawa. Bari kare ya tashe ta. In ta tashi kada ka harbi inda take, harbi inda za ta. Ka danna ƙotar a kafaɗa sosai, Tsohuwa tana shuri."

"Kai, ni za ka koya wa? Tun ba a haife ka ba nake bin Baba."

"Haka ne, Yaya."

Wurin da ya fi kowane kyau Teri ya tsayar da yayansa, inda ba itace a gaba sai ɓaure guda can gefe. Kare ya ƙame, wutsiya a miƙe, sannan ya faɗa cikin ciyawa. Firrr! Suka tashi a tare, kusa har kana iya jifansu da takalmi. Deli ya ɗaga, ya yi jinkiri, ya ja kunama bayan sun wuce. Ƙarar ta daki dutse ta dawo. Ganyen ɓaure ya zubo, Deli ya yi zaman daɓaro a kan karan wake, malfa ta yi nata wuri. Makwarwa kuwa sun tsallake kwazazzabo ko gashi ɗaya ba su bari ba.

Na toshe bakina da zane. Teri bai yi dariya ba. Ya ɗauko malfar ya kaɗe ya miƙa masa, ya ce, "Rana ce ta shiga idonka, Yaya." Rana kuwa ko leƙowa ba ta yi daga bayan dutse ba.

Sai Teri ya karɓi bindiga. Bai bi su ta inda suka tashi ba. Ya san in an firgita su a gonar wake, zagayawa suke yi su sauka a tsohuwar gonar gyaɗa ta bakin kwazazzabo. Ya gangara a hankali, ya yi wa kare fito ƙasa-ƙasa, ya tsaya. Na daɗe ina kallonsa a tsaye, har na fara jin ƙafata ta mutu. Can sai guda ta tashi, ta yanko ta gabansa a gicciye da gudun tsiya. Ban ga lokacin da ya ɗaga ba. Na dai ga bakin bindigar ya bi ta ya wuce ta kaɗan, sai ƙara, sai gashi ya watsu a sama, ta faɗo tim. Kare ya kawo masa. Namiji ne, ƙato, na ji yana nuna wa yayansa ƙaimi bibbiyu a ƙafa. Ya shafa gashin ƙirjinta ya kwantar, yadda ubansa ke yi.

Ni kaɗai a kan dutse na ce, "Kweji, ka gani ko?" Na ɗan yi kukana na share.

Sauka ita ce wahalar tsohuwa. Kafin in gangaro sun ba ni rata mai yawa, amma ina hangen su. Deli a gaba, da malfa da jaka, ya karkace saboda kafaɗar da bindiga ta shura, tafiyar Kweji ke nan ta ƙarshen rayuwarsa. Suka iso tsagaggen dutse. Sai na ga Teri ya tsaya, ya ɗaga murfin jakar, ya jefa makwarwar ciki, ya gyara bindiga a kafaɗa, ya koma baya.

Na ƙwala kira. "Teri! Kai Teri!"

Kare ne kawai ya waiwayo. Deli ya ɗan tsaya. Na gan shi ya tsaya, ya ɗora hannu a kan jakar. Sannan ya ci gaba da tafiya.

Tun daga nesa na jiyo guɗa. Da na shigo, Deli yana tsakiyar gida, Kawu Sunu ya ɗaga makwarwar sama, abokan wasan nan da suka yi wa Deli tsiya jiya sun rungume shi suna cewa ashe jini ba ya ɓata. Teri yana bakin ƙofa da bindiga a kafaɗa, fuskarsa kamar wanda aka tasa daga barci. A nan ya farga, a bakin ƙofar, bayan ƙafar yayansa ta riga ta shiga.

Na ce, "Kawu, dakata! Teri ne ya harbe ta. Da idona na gani."

"Ga mai ciyawa ta dawo. Ina ciyawar?"

Aka kwashe da dariya.

"Na ce Teri ne! Deli ganyen ɓaure ya kashe!"

Kawu bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna, 'yar nan, numfashinki ya dawo. Waɗanda suka kafa abin nan sun san ba a ganin daji daga cikin gida. Kowa zai dawo da nasa labarin. Shi ya sa suka ce ƙofa. Ƙofa kowa yana ganinta." Ya juya. "Teri, wa ya shigo da tsuntsu?"

"Yaya ne."

"Ƙwace ya yi maka?"

"A'a, Kaka. Ni na sa masa a jaka."

"To kana da magana a kan yayanka? Ga tukunyar ubanku nan a kan wuta, tana jin ka."

Teri ya dubi Deli. Ni ma na dube shi, kowa ya dube shi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, Kawu ma da ya karɓa, don mai abu in ya ce ba nasa ba ne ba a tilasta masa. Deli ya zuba wa ƙafafun makwarwar ido, hannuwan abokansa suna kan kafaɗarsa.

Teri ya ce, "Ba ni da magana."

Aka sauke bindiga daga kafaɗarsa aka ɗora a ta Deli. Aka fige makwarwa aka sa a tukunya. Miyar nan ban sha ba.

Da yamma, mutane suna can wajen giya, na iske su biyu a bayan rumbu. Deli ne ke magana, yana murza yatsunsa.

"Teri, ka san ban shirya haka ba. Ina shigowa guɗar nan ta rufe ni. Ka ga abin da suke yi mini tun jiya. In na buɗe baki yanzu, har 'ya'yana sai an ba su labari. Bari in tafi da ita don idon mutane. Kaka mai zuwa in kawo maka abarka, mu ce aro na ba ka."

Teri ya ce, "Aro."

"Kai ma ka san abin da nake nufi."

Na ce, "Deli, ajiye ta yau. Kunyar yini guda ce, gobe wani zai yi abin dariya a manta da kai."

"Gwaggo, ke ba namiji ba ce, ba za ki gane ba."

Washegari aka naɗe Tsohuwa cikin tabarma aka ɗaure a bayan babur. Kare ya bi su har tsagaggen dutse, ya dawo.

Kaka ta zo, Deli ya zo hannu banza. Ya ce jandarmomi sun cika hanya, sai an yi mata takarda. Wata kakar ya ce takarda ba ta fito ba. Ta bayanta bai zo ba, ya aiko da buhun shinkafa. Daga nan aka daina ambaton maganar, sai gaisuwa.

Karen nan ya fi ba ni tausayi. Kullum da sassafe yana ƙofar ɗakin Teri yana kuka ƙasa-ƙasa. In sun je gona ya shiga ciyawa ya tashi makwarwa, sai ya tsaya ya waiwayo yana jiran ƙara. A haka ya tsufa ya mutu. Teri ya koma kafa tarkon gashin wutsiyar doki, irin na yara, wata rana a samu, kwanaki a rasa, zabi kuwa suka mai da gonarsa tasu. Maƙeri ya same shi har gida ya ce zai ƙera masa bindigar toka, ya biya a hankali. Ya ƙi. Ya ce mini, "Gwaggo, in na riƙe wata, na yarda ke nan waccan ba tawa ba ce." Sandar gorar da kwalbar man suna soke a rufin ɗakinsa. In tsumman ya ruɓe ya sake wani.

Ana nan sai yanar ido ta rufe mini gani, har ba na bambanta akuya da tulu. Deli ne ya aiko aka kai ni Garwa, shi ya biya asibiti, matarsa ta yi jinyata ba ta taɓa ɓata rai ba. Wannan ma gaskiya ce, dole in faɗa. Ranar da aka cire mini auduga aka dawo da ni gidansa, aka zaunar da ni a falo, na ɗaga kai. Ga Tsohuwa a bango, sama da talabijin, a kan ƙusoshi, an shimfiɗa mata jan ƙyalle. An goge tagullar tana walƙiya. Na tashi na matsa kusa don in gaishe ta. Zanzaro ya gina ɗaki a bakinta, duka biyun, laka ta bushe ta toshe su tam, sabon gini a kan tsoho. Gindin kunama ya yi ja da tsatsa.

Ran Lahadi abokan aikinsa suka zo. Wani ya tambayi bindigar, da gani kuwa ba yau aka fara tambaya ba, don Deli har ya gyara zama.

"Ta kakana ce. Mu a wurinmu ba a ba ka ita haka kawai, sai ka nuna kai ne. Harsashi ɗaya tak aka ba ni. Ta taso mini a gicciye. To ita makwarwa, in ta tashi, ba ka harbin inda take, inda za ta ake harbi."

Suka gyaɗa kai, suka ce lallai. Ni ina kusurwa da sabon idona.

Da suka tafi aka kawo abinci, na ce, "Deli, wannan labarin fa?"

"Wanne, Gwaggo?"

"Ganyen ɓaure. Zaman daɓaro. Malfar da ƙanenka ya kaɗe maka."

Ya yi dariya. Abin da ya tsorata ni, wannan karon dariyarsa ce ta gaske.

"Gwaggo, ba ki ji abin da likita ya ce ba? Ya ce yanar nan ta daɗe, shekaru tana taruwa. Daga can saman gonarki, gari bai gama wayewa ba, ni da Teri kuma kusan tsawonmu ɗaya. Ba laifinki ba ne." Ya ƙara mini cinyar kaza a faranti, irin kazarsu ta birni mai laushin auduga.

Na ce, "To alkawarin bayan rumbu fa? Shi ma da ido na ji shi?"

Ya dubi agogo ya ce lokacin ɗiga maganina ya yi. Ya kira matarsa.

Da na dawo gida Teri ne ya tare ni ya karɓi kayana. Ya tambayi ido, ya tambayi hanya, ya tambayi yaran yayansa ɗaya bayan ɗaya. Sai da la'asar, ina zaune ina ɓarar gyaɗa, ya zo ya tsuguna.

"Gwaggo, kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Yana sa mata mai?"

Na so in ce e. Amma an buɗe mini ido da kuɗi mai yawa, ban ga dalilin rufe shi ba. Na ce, "Daga waje." Na gaya masa zancen zanzaro.

"Duka biyun?"

"Duka biyun, ɗana."

Labarin falo kam na bar shi a cikina. Teri ya yar da ɓawon gyaɗar da ke hannunsa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya zaro sandar da kwalbar. Man ya miƙa wa matarsa ya ce ta sa wa keken ɗinkinta. Sandar ya karya a gwiwa ya tura ƙarƙashin tukunya. Ranar kasuwa ya tafi wurin maƙeri.

Mummuna ce bindigar, baki ɗaya, ga hayaƙi kamar an ƙona bukka, in ta ga dama ma ta ƙi tashi. Amma makwarwa tana faɗowa. Abin da ya sauya shi ne tsagaggen dutse. Teri ba ya tsayawa a wurin kuma. Ko da wa ya taho, ko sa'an ubansa ne, da namansa a hannu yake shiga gari. Dattawa sun kawo mini ƙara ba sau ɗaya ba, wai ɗan ƙanena ya lalace, in yi masa faɗa. Nakan ce to, in ba su ruwa su sha.

Kwanan baya mun taso daga gona tare, ni da laujena, shi da makwarwa biyu a hannu. Da muka iso dutsen na ga hannun nan ya motsa da kansa, ya ɗago kaɗan ta wajena. Sai ya mayar da shi, ya damƙe ƙafafunsu sosai, ya wuce gabana. Na biyo shi a baya.

Da aka sauke tukunya naman ya iso mini a kwano, ƙirjin ma, inda ya fi tsoka. Amma shi ya shigo da shi.